Agogon Motar Sista

Laifin da za a hukunta a wannan labari sunansa hassada. Kuma ba irin ta maƙwabci ba ce, wadda ake hangowa daga nesa a kauce mata. Irin wadda take kwana gida ɗaya da mutum ce, su sa hannu a kwano ɗaya, da safe ta yi masa sannu da aiki.

Ranar Lahadi, wajen ƙarfe takwas na safe, motar Sista ta mutu a tsakiyar gada, ga matar mai burodi a kujerar baya tana naƙuda. Sista ma'aikaciyar jinya ce, motarta kuma ita ce motar asibitin unguwa, ko da yake ba wanda ya taɓa naɗa ta haka. Ta murɗa makulli har yatsunta suka yi ciwo, injin yana juyi amma ya ƙi kamawa. Da kyar wani mai tasi ya tausaya ya tsaya. An sauka lafiya, an samu 'ya mace, amma a bakin ƙofar asibiti aka haife ta, ba a kai ga ɗaki ba.

Kafin ƙarfe goma an jawo motar da igiya zuwa ƙofar gidan da aka gyara ta jiya, rabin unguwa na biye.

Gidan na wasu 'yan'uwa biyu ne da mahaifiyarsu, Inna, wadda idonta ya yi rauni. Babban shi ne Wayarin, mai gyaran wutar mota, shekara talatin yana sana'ar, har sunanta ya cinye nasa. Ƙaramin kuwa tela ne, kuma Tela ake kiransa. Shekara biyu da suka wuce ya sayi wata 'yar na'ura, ba ta fi tafin hannu ba, don ya daina yawo da tsohuwar motarsa gareji-gareji. Ana soka ta ne a wani ɗan rami ƙarƙashin sitiyari, sai ta karanto abin da ƙwaƙwalwar mota ta ajiye, ta fito da lamba a ɗan gilashinta. Kowace lamba da ciwon da take nufi, Tela kuma yana da littafin da yake rubuta su. Daga motarsa aka koma ta maƙwabci, daga nan sai ya zama duk wanda fitilar inji ta kama masa a gaban sitiyari, Asabar yake jira ya kawo wa Tela a tsakar gida.

A gaban taron nan Tela ya soka na'urarsa. Lamba ta fito, P0335. Ya ce, "Wannan ba ita ce ta jiya ba. Wannan ta sensar da ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa inji na juyawa ce. In saƙonta ya yanke, mota sai ta mutu."

Ya ɗaga bonet ya bi wayar sensar da yatsa har ya kai wani wuri da aka naɗe da sabon baƙin tef. Da ya warware, sai ga waya an yanke ta da reza, an bar zare biyu rak. Zafin inji da girgizar hanya ne suka ƙarasa su.

Mai burodi, wanda bai runtsa ba tun daren jiya, ya matso. "Kun gani? Kai tsaye ya tafi wurin, ko lalube bai yi ba. Ya yanke ne don mota ta dawo hannunsa a ci gaba da yabonsa. Da matata ta mutu a gadar nan fa? Ofishin 'yan sanda za mu je."

"Lambar ce ta nuna mini," in ji Tela.

"Lambar taka ce, na'urar taka ce."

Ana cikin haka Baba Sawu ya iso, yana dogara sanda. Inna ce ta aika a kira shi, don abokin marigayi mijinta ne. A ƙuruciyarsa bin sawun dabbobin da aka sace yake yi, yana iya bin saniya kwana uku a kan ƙasa mai tauri. Daga baya ya yi gadin tashar mota har ƙarfi ya ƙare. Bai yi boko ba, amma yana karanta agogo da lambobi, kuma ba a taɓa jin ya faɗi abin da bai gani ba.

Ya ce wa mai burodi, "Barka da arziki. Ka ba ni zuwa ƙarfe huɗu. In ban kawo maka mai laifi ba, ni zan raka ka ofishin da wannan yaron. Kafin nan kada wanda ya ƙara taɓa motar nan, ko da ƙura zai goge."

Da mutane suka watse, Baba ya fara da ƙasa, kamar yadda ya saba. Ya sa aka nuna masa inda motar ta wuni jiya, gefen katanga a cikin gida. Tsakar gidan duk an share ta da safe sharar mata, gajere-gajere, an bi kowane lungu. Amma daidai inda gaban motar ya tsaya akwai tsohuwar shara a ƙarƙashin sabuwa, dogayen layuka masu zurfi, irin na namijin da bai saba da tsintsiya ba. Baba ya daɗe a tsugune. Wanda ya yi wannan, ya ce a ransa, ya san akwai mai karanta ƙasa a unguwar nan.

Sannan ya shiga motar ya zauna a kujerar direba, ya sa Tela ya zauna kusa da shi.

"Faɗa mini aikin jiya, kada ka tsallake komai."

"Da safe ta kawo ta, Baba, tana cewa injin na kakkarwa, fitila kuma ta kama. Na'ura ta ce silinda ta biyu ba ta ƙona mai daidai. Ban yarda nan take ba. Na cire kwayil ɗin ta biyu, wanda ke ba ta wuta, na mayar da shi ta uku, na tayar, sai lambar ta tashi daga biyu ta koma uku. Nan na tabbata kwayil ɗin ne. Na sa sabo, na goge lambar, kakkarwa ta tafi. Sha ɗaya na gama. Sista tana wurin aiki, sai na rataye makulli a ƙusar ƙofar Inna. Shida na yamma ta zo ta ɗauka."

Baba ya karɓi na'urar ya jujjuya ta. Shekara nawa ya yi yana koyon bambanta sawun jaki mai kaya da marar kaya, ga shi yau ɗan akwatin roba yana bin sawu a cikin ƙarfe, kuma shi ake layi a gani. Kafin yau, rabon da wani ya aiko a kira Baba Sawu har ya manta. Ya gane hassada ce ta leƙo shi, ya kore ta, ya miƙa wa Tela kayansa.

"Ta iya faɗin wanda ya yanke?"

"A'a, Baba. Wurin kawai take nunawa."

"To madalla. An bar mini wani abu."

Ya sa Tela ya murɗa makulli rabi. Fitilu suka kama, agogon mota ya haska, bakwai da rabi. Baba ya dubi na hannunsa, goma daidai. Da ya fito ya leƙa ƙarƙashin bonet, idonsa ya daɗe a kan batir.

"Ka cire kan batir jiya?"

"Ba na cirewa, Baba. In aka cire, ƙwaƙwalwar tana iya mance abin da ta ajiye, ni kuma shi nake karantawa. Yaya ma kullum faɗa yake mini a kan haka."

Wayarin yana zaune a bencinsa a ƙofar gida, ya baje kayan aikinsa a kan tsumma yana gogewa ɗaya bayan ɗaya, ko da yake ba wanda ya yi datti. Filin da ke gabansa, inda a da motoci biyar suke jeruwa, ciyawa ta fara fitowa a tsagin siminti.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Ƙanena ba zai yi wannan ba, ni na raine shi. Yaro ne mai hazaƙa, kowa ya shaida." Ya hura wa wata sifana iska ya goge. "Guduma mai gareji za ka bincika. A gaban mutane ya ce sai ya ga ƙarshen gyaran tsakar gida."

"Kai ka duba motar jiya?"

"Ni? Ko bonet ɗinta ban taɓa ɗagawa ba tun da Sista ta saye ta. Wa yake kawo mini mota yanzu, Baba? Bayan abincin rana kwanciyata na yi."

Wani baƙo ya tsaya da mota a bakin titi, ya sauke gilashi. "Don Allah nan ne gidan Tela mai na'ura?"

"Nan ne," in ji Wayarin. "Yau ba ya aiki."

Ya faɗa da fara'a, amma Baba hannunsa yake kallo. Ya ga tsumman ya naɗe a yatsu har sun yi fari. Shekara talatin duk mai neman gidan nan gidan Wayarin yake tambaya.

Garejin Guduma yana bayan gidan mai, minti goma a ƙafar tsoho. An sa masa sunan ne don ba abin da ba ya bugawa, daga ƙusa har kaburota. Baba ya same shi a kan tsohuwar taya, hannunsa na dama a naɗe da bandeji har gwiwar hannu.

"An ce ka yi alkawarin ganin ƙarshen Tela."

"Na faɗa, kuma gobe ma zan faɗa. Mutum yana ɗinkin wando jiya, yau ya zama likitan mota don ya sayi abin wasan yara. Mu da muka ƙone a ƙarƙashin inji sai a wuce mu ana ɗaga mana hannu. Haushi nake ji, Baba, ba na ɓoyewa."

"Hannun fa?"

"Ruwan lagireto. Jiya da sha biyu na buɗe shi da zafinsa. Daga ɗaya zuwa huɗu ina kan bencin asibiti, ka tambayi Sistar da kanta, ita ta riƙe ni ana wanke shi, tana ce mini rago." Ya yi dariya. "An ce wai an naɗe wurin da tef tsaf-tsaf. Ka dube ni da kyau. In zan yanke waya, filaya zan sa, in ɗaure da leda in tafi. Wa ke da wannan haƙurin?"

"In za ka taɓa waya ɗaya, kana cire kan batir?"

"Don waya ɗaya? In ta yi tartsatsi ai ta gaya mini akwai wuta ke nan."

Baba ya tashi. Haushin da ake faɗa a bainar jama'a bai taɓa ba shi tsoro ba.

Ya sami Sista a barandarta, ta cire takalmi ta sa ƙafafu a ruwa. Ta tabbatar masa da zancen Guduma, sannan ta shiga nata.

"Ni fa Baba, tun jiya na san an yi mini wasa da mota. Ina ɗaukar ta da yamma na kunna rediyo, duk tashoshin da na ajiye sun gudu, sai shuu kawai. Agogo kuma ya haukace. Shida na fito, shi yana cewa uku da rabi. Na ce in na ga Tela sai na tambaye shi ko gyaran inji na kawo ko na rediyo."

"Da safe da kika kai ta, agogon daidai yake?"

"Da shi nake kama aiki kullum. Ko minti bai taɓa sha ba."

"Batir ɗin fa, wa ya sa miki?"

"A shago aka sa mini sabo, wata biyu ke nan. Tun ranar ba wanda ya taɓa shi."

"Sun shafa masa wani abu a kai?"

"Mutanen da ko hannunsu ba su goge ba? Ɗaurewa suka yi suka rufe."

Ƙarfe uku Baba ya koma gidan, ya yi sallama a ƙofar Inna. Tana zaune a kan tabarma, fuskarta wajen haske. Ƙusar makulli tana saman kanta, ba ta fi kamu biyu daga kunnenta ba.

"Innar yara, jiya bayan abincin rana kina nan?"

"Ina zan je?"

"Idonki ya gaji, amma kunnenki ya fi nawa. Takun 'ya'yanki kuwa kin san shi tun suna rarrafe."

Ta juyo da fuskarta wajensa. Sannan ta ce, "Na aika a kira ka ne don kada a tafi da wanda bai yi ba. Kada ka sa in faɗi sauran da bakina. Ni na haife su duka biyun."

"Ba zan sa ki ba," in ji Baba. "Akwai wanda zai faɗa a madadinki."

Ƙarfe huɗu ƙofar gida ta cika. Mai burodi ya zo da motarsa ta rabon burodi, wadda da safe tana can wajen rabo, don in ta kama a wuce ofis daga nan. Guduma ya zo da bandejinsa, Sista ta tsaya jikin motarta, Tela yana gefe kamar wanda aka tsamo daga ruwa. An fito wa Inna da kujera.

Baba ya ce, "Ni ban san mota ba, shanu na sani. Akwai abin da nake so a nuna mana, kuma ba na son aikin koyo. Guduma hannunsa a ɗaure, Tela kuwa shi ake tuhuma. Duk unguwar nan ba wanda ya san wutar mota kamar Wayarin. Ɗana, taimaka ka cire kan batir ɗin motar burodin nan ka mayar, mu ga abin da zai faru."

Wayarin ya miƙe. An daɗe ba a faɗi haka a gaban mutane ba, har tafiyarsa ta canja. Ya zaro sifana lamba goma daga aljihu ba tare da ya duba ba, ya kwance kan batir, ya ɗaga shi sama don kowa ya gani.

"Wannan shi ne farkon aiki," ya ce, yana kallon taron. "Duk wanda ya taɓa wayar mota batir na haɗe, bai san aiki ba. Ina yaro na ga mota ta ƙone ƙurmus a kan waya ɗaya."

Ya mayar, ya ɗaure. Yana cikin magana hannunsa ya shiga ɗaya aljihun ya fito da ɗan gwangwanin giris. Babban yatsa ya lakato, ya zagaye kan batir sau ɗaya, ya danna a tsakiya, ya goge a bayan gwiwar wandonsa. Bai ma kalli abin da yake yi ba.

"Mai burodi, murɗa makullinka ka karanta mana agogo," in ji Baba.

"Sha biyu daidai. Kai, ya goge mini lokaci."

"Haka agogon mota yake. In aka yanke masa wuta aka dawo da ita, daga sha biyu yake fara ƙirga. Sista, naki fa?"

Ta leƙa. "Ɗaya da rabi."

"Yanzu ƙarfe huɗu. Yana baya da awa biyu da rabi. Da safe ma da na duba haka yake, jiya da shida na yamma ma haka ta same shi, alhali da safen jiya daidai yake. To ku lissafa da kanku. Lokacin da agogon nan ya ce sha biyu, agogon duniya biyu da rabi yake faɗa. Jiya, biyu da rabi na rana, wani ya mayar da kan batir ɗin motar nan bayan ya gama abin da ya cire shi dominsa. Guduma yana asibiti a hannun Sista. Tela, kai kana ina?"

Tela ya buɗe baki, amma mai burodi ya riga shi, muryarsa ta sauka. "Yana wurina. Daga biyu zuwa huɗu yana gwada ma'aikatana, za a ɗinka musu rigunan aiki. Ni na riƙe masa littafin awo."

Gunaguni ya tashi. Baba ya ɗaga sanda aka yi shiru.

"Agogo ya faɗi lokaci. Saura hannu. Sista, ɗaga bonet ɗinki. Mai burodi, bar naka a buɗe. Kowa ya zo ya dubi batir biyun nan."

Suka matso, suna leƙa wannan suna leƙa wancan. A kan batir ɗin Sista akwai sabon giris, ko ƙura bai gama kamawa ba, an zagaya sau ɗaya, an danna babban yatsa a tsakiya. Ba bambanci da na motar burodi, kamar hatimi ɗaya aka buga musu. Ba a buƙaci bayani ba, don rabin mutanen wurin sun taɓa ganin wannan zagayen a ƙarƙashin bonet ɗinsu, a shekarun da suke kawo wa Wayarin mota.

Baba ya juya gare shi. "Da safe ka ce mini ko bonet ɗinta ba ka taɓa ɗagawa ba. Ka share ƙasa don ka san ni. Ka naɗe tef yadda ba mai gani. Amma hannunka ya shekara talatin yana aiki mai kyau, bai san yau ɓarna aka aike shi ba. Ya cire batir don kada motar ta ƙone, ya shafa giris don kada kan ya yi tsatsa."

Gwangwanin yana hannun Wayarin har yanzu. Ya dube shi, ya dubi bayan gwiwar wandonsa inda maiƙo ya yi baƙi. Sai ya zauna a kan bencinsa.

"Fitilar kawai nake so ta dawo," ya ce, ba ya kallon kowa. "Na ɗauka za ta ɗan yi gardama a ƙofar gida, a ce gyaran Tela bai yi ba, a kawo mini. In gyara a minti biyar a gaban kowa. Ban san za a ɗauki mai naƙuda ba. Wallahi ban sani ba." Ya ɗago ya dubi ƙanensa. "Ni na koya maka riƙe sifana. Kana kuka in an ba ka filaya. Yanzu ina zaune a ƙofar gidan ubana ana tambaya ta ko nan ne gidanka."

Tela ya matso gabansa. Da ya yi magana, a hankali ya yi.

"Yaya, sau nawa na kawo maka na'urar nan na ce mu haɗa, ni in karanta lamba kai ka bi waya? Ka ce kai ba ka aiki da abin wasa. Da ka ce mini in daina, da na daina. Amma da safe kana zaune a nan ana cewa za a kai ni ofis, kana goge sifana."

Mai burodi ya ce shi dai ofis za a je, sunan wanda za a kai ne kawai ya canja. Sista ta ce motarta ce, kuma ba za ta sa a ɗaure ɗan tsohuwar nan a gaban idonta ba. Aka yi ta ja, har mai burodi ya haƙura don darajar jaririyar da ta zo lafiya. Kafin ya tafi ya je gaban Tela ya ba shi haƙuri da hannu biyu, sannan ya sa tsumma ya goge giris ɗin da ke kan batir ɗinsa tas.

Tela ne ya haɗa wayar a yammacin nan. Kafin ya taɓa ta sai da ya cire kan batir, kamar yadda aka koya masa. Ya mayar, ya soka na'ura, ba lamba ko ɗaya, mota ta tashi bugu ɗaya. Sista ta saita agogonta da na hannun Baba. Baba ya karɓi na'urar ya sake jujjuya ta, wannan karon ba hassada a ransa, ya ce wa Tela wata Asabar zai zo a nuna masa yadda take bin nata sawun.

Wayarin kuwa ba a kai shi ko'ina ba, kuma ga abin da ya rasa. Mutum huɗu ne suka rage masu kawo masa mota don tsohuwar amana, a cikin mako guda duk huɗun suka daina, biyu ma wurin Guduma suka koma. Ƙusar ƙofar Inna, inda tun zamanin mahaifinsu kowa ke rataye makulli, Tela ya zare ta, ya sayi akwati mai kwaɗo. Kwanon da suke ci tare tun suna yara an raba shi biyu, matar Tela tana aiko masa da nasa ɗaki. Inna ba ta zage shi ba, ba ta kuma taɓa tayar da zancen ba, amma in ta ji takunsa ya nufo ƙofarta sai ta gyara zama ta juya fuska bango. Gwangwanin giris yana nan a aljihunsa, ba inda zai shafa shi.

Sunan gida, wanda a kansa ya yi duk wannan, bai dawo ba, har nasa ya bi shi. A da in an ga Tela a hanya cewa ake yi ga ƙanen Wayarin. Yanzu in baƙo ya tambayi wane ne mutumin nan da ke zaune a benci yana goge sifana, sai a ce masa yayan Tela ne.